An Sallamo Mai Ciwon Zuciya, Saura Aikin Mutanen Gida

Idan aka sallamo mai ciwon zuciya daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko daga babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, dangi kan yi hamdala su ɗauka an gama. To, da sauran aiki. Jinyar ce ta dawo tsakar gida. Ga mutumin Gatawa da ke yankin Sabon Birni kuwa, wanda ba kullum yake shiga hanyar Sakkwato da kwanciyar hankali ba, abin da aka yi a gida shi ne rabin magani.

Kafin ku baro asibiti, mai jinya ya tsayar da nas ta yi masa bayani dalla-dalla: wane magani ne na safe, wanne ne na dare, ran yaushe za a dawo. Idan ba ya karatun boko, ta yi masa alama a jikin kowane kwali. Kunya ba ta da gurbi a nan.

Babban abokin gaba yana cikin tukunya. Gishiri yana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta raunana kuma ba ta iya tura shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko lafiyayye kada ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Mutane kan rage gishiri su ƙara dunƙulen magi, alhali shi ma gishiri ne. Haka kanwa. Uwargida ta ɗebar wa majinyaci miyarsa kafin ta zuba waɗannan, ta gyara masa da albasa, tafarnuwa da citta. Zai yi mita, a yi haƙuri da shi.

A sa ido sosai a kan masu jego. Ciwon zuciyar da ke kama mace gab da haihuwa ko bayanta ya yi yawa a Arewa. Wani bincike da aka wallafa a 2007 daga asibitin koyarwa na Sakkwato ya same shi a kusan haihuwa 1 cikin 100. Likitocin Zariya sun daɗe suna zargin kunun kanwa da kwanciya kan gado mai zafi, amma binciken baya-bayan nan, irin na Farfesa Kamilu Karaye na Kano, ya fi karkata ga ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jini lokacin ciki. Ko ma mene ne sanadi, wadda aka tabbatar tana da ciwon ba ta da haɗi da kunun kanwa, komai matsin kaka ko uwar miji. Maigida kuma ya je da kansa ya ji batun tazarar haihuwa, domin sabon ciki kafin zuciya ta murmure yana iya kisa.

Kowace safiya a danna ƙwaurin majinyaci da babban yatsa. Idan wurin ya lotsa bai dawo ba, ruwa ya fara taruwa. Idan ya daina iya kwanciya sai an tara masa matasai, ko yana farkawa cikin dare yana haki da tari, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Ciwon ƙirji mai tsanani, suma, ko kaki mai kumfa da jini, waɗannan na gaggawa ne.

Maganin sa fitsari, irin su Lasix, an fi shan sa da safe don a samu barci. Kada a daina magani don an ga kumburi ya saɓe. Maganin ne ya saɓar da shi. A guji sayen diclofenac da ibuprofen a kemis ko hannun masu talla, suna riƙe ruwa su kuma wahalar da ƙoda. Jiƙe-jiƙe ma kada a ɓoye wa likita su, batun azumi kuwa a tambaye shi tun kafin wata ya kama.

'Yan'uwa, tunda hanya ba ta da tabbas, ku sayi magani tun saura na mako guda, ku ajiye kuɗin mota a gefe, ku kuma riƙe lambar wayar ma'aikacin lafiya mafi kusa da ku.