Bindigar Gras da Masu Ɗura mata Harsashi a Faransa

A ƙasar Faransa akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin bindigogin soja na zamanin baƙin albarushi. Wasu ratayewa kawai suke yi a bango, wasu kuwa har filin harbi suke kai su. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi samu a hannunsu ita ce Gras, wadda sojan Faransa suka fara riƙewa a shekarar 1874. Sunan wani hafsa ne, Basile Gras, wanda ya tsara ta.

Kafin ita, bindigar da suke da ita Chassepot ce, ta 1866, kuma da ita suka yi yaƙi da Jamusawa a 1870 zuwa 1871. Harsashinta a takarda ake naɗe shi, sai wata allura ta huda takardar ta tada wuta. Damina na jiƙa takarda, allura na karyewa, robar da ke toshe iska a baya kuma tana lalacewa da zafi. Gras ya sauya sakatar bindigar, ya sa ta karɓi harsashi mai kwanson tagulla. Sakata a nan ita ce ƙarfen da ake ja baya a sa harsashi, a tura gaba a kulle, kamar dai sakatar ƙofa. Harsashi ɗaya take ci, faɗin bakinta milimita 11, nauyinta ya ɗan haura kilo 4. An ƙera ta a Saint-Étienne da Châtellerault da Tulle, sannan aka juya ɗimbin tsofaffin Chassepot suka koma irinta.

Zamaninta bai yi tsawo ba. A 1884 Paul Vieille ya gano albarushi marar hayaƙi, a 1886 aka fito da bindigar Lebel, sai Gras ta zama tsohon yayi. Daga nan ta bazu a duniya. Maƙeran Samori Ture sun kwaikwayi ƙirarta, mayaƙan Sarki Menelik na Habasha sun riƙe ta a yaƙin Adwa na 1896, har harsashinta ya zama abin ciniki a kasuwannin ƙasar kamar kuɗi. Ɗalibin harshe zai so ya ji cewa a Amharanci ana ce mata wujigra, wato sunanta na Faransanci ne bakin mutane ya tauna ya sake.

Mai tarawa idan ya ɗauki Gras, lamba yake fara dubawa. An buga lamba ɗaya a bututu da sakata da icen bindigar, har da banatinta, wato wuƙar da ake ɗaurawa a baki. In lambobin sun zo ɗaya, bindigar ba a yi mata haɗe-haɗe ba, kuɗinta ya tashi ke nan. Akwai kuma waɗanda aka sake wa baki a 1914 don su ci harsashin Lebel mai milimita 8, da waɗanda aka mayar bindigar farauta. Wanda bai san wannan ba sai ya sayi wata yana zaton wata ce. Dokar Faransa ta sa yawancin bindigogin da aka tsara kafin 1900 cikin kayan tarihi, saboda haka baligi na iya sayen Gras ba tare da wahalar da ake sha kan bindigar zamani ba.

Wahalar tana wajen harsashi. An daɗe da daina yi wa soja irinsa, wanda ya rage kuwa ya tsufa, shi kansa abin ajiya ne. Dole mai son harbi ya haɗa nasa da hannu. Harsashi abu huɗu ne: kwanso, da ƴar hular da ke gindinsa mai tada wuta in an buge ta, da albarushi, da dalma. Na asali yana ɗauke da giram 5.25 na albarushi da dalma mai giram 25 naɗe cikin takarda, tana fita da gudun kusan mita 450 a daƙiƙa. Kwanso shi ne mai wuyar samu. Da yawa sukan sayi na wani harsashin Amurka, .348 Winchester, su gasa wuyansa don tagullar ta yi laushi, su matsa shi cikin ma'aunin ƙarfe har ya ɗauki siffar na Gras.

Dalmar ma ba a zuba ta da ka. Bindigogin nan ba su zo daidai da juna ba, don haka sai a tura guntun dalma mai taushi ta cikin bututu, a fitar, a auna. Da wannan awon ake zaɓen mazubin da za a narka dalma a ciki. In ta yi ƙanƙanta, ba ta kama murɗaɗɗun tsagogin cikin bututu, waɗanda ke sa ta juyawa, sai ta tafi tana tangaɗi ta bugi allo a kaikaice. Masu bin tsohuwar hanya sukan naɗe ta da siririyar takarda mai laima, zagaye biyu, su bari ta bushe. Aikin haƙuri ne, kuma a nan ake gane gwani.

Akwai ƙa'idoji biyu da ba a wasa da su. Ba a barin sarari tsakanin baƙin albarushi da dalma, sai a cike da kwali da kakin zuma, domin sararin na iya kumbura bututu. Ba a kuma auna albarushin zamani da mudun na da. Ƙarfinsa ya fi abin da ƙarfen 1874 zai ɗauka, yana iya fasa bindigar a fuskar mai ita. Tun a zamaninta kwanso kan tsage, iska mai zafi ta dawo wa soja a ido, shi ya sa a 1880 aka yanka wata ƴar hanya a jikinta don iskar ta fita gefe. Mai hankali yakan nemi alamar wannan gyara, ya kuma kai wa maƙerin bindiga ya duba kafin harbin farko.

A filin harbi, duk wanda ya taɓa ganin maharba da bindigar toka zai gane abin: ƙara mai nauyi, farin hayaƙi, da warin kibiritu. An tsara ma'aunin saitinta don nesa, har mita 1800, saboda haka a kusa dalma sama take bugawa, sai mai harbi ya sauke baki ƙasa. Fiye da rabin albarushin da ya ƙone ba ya zama iska, toka yake zama, wani ɓangarensa ya manne a bututu. Bayan ƴan harbe-harbe tokar ta taurare, saiti ya ɓaci. Maganinta man da ake shafa wa dalma, kitse da kakin zuma, wanda ke sa ta zauna da laushi. Man da aka samo daga fetur ba ya yi, shi da tokar kwalta suke zama.

Tokar nan tana jan laima, laima kuwa tsatsa take kawowa. Ba a kwana da ita. Ranar da aka yi harbi ake wanke bututu da ruwan zafi da sabulu, a tsane shi, a shafa mai. Kwansunan ma a ruwan sabulu ake jefa su tun a filin, don wanda aka kula da shi ana iya sake ɗura shi sau da yawa.