Sojan da ke riga jirgi isa daji

Tun da aka sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, mutanen yankin har zuwa Faskari da Sabuwa ke tambayar me ke hana a sauke sojoji ta sama a tsakiyar daji. Amsar ita ce jirgi ba ya sauka da ka. Sai wani ya riga shi zuwa ya share masa fage.

Wannan aiki ya samo asali ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan sojojin laima na Amurka sun warwatse a Sisili a 1943, sai aka ware 'yan ƙalilan da suka riga sauran dira a Nomandi a Yunin 1944, ɗauke da fitilu da na'urorin rediyo.

A Najeriya, Jaji ce gidan horon sojojin laima. Amma iya dira somin-taɓi ne. Sai soja ya iya karanta taswira cikin dare, ya auna ƙarfin iska da inda ta nufa, ya duba gangaren ƙasa da tsawon bishiyoyi, sannan ya yi wa matuƙi jagora ta rediyo ko da hayaƙi mai launi. Filin da ya yi kyau a ido na iya zama tarko: da rani farfelar jirgi mai saukar ungulu kan tada ƙurar da ke rufe wa matuƙi ido, da damina kuwa fadama na iya riƙe ƙafar jirgin. Lissafi ya fi ƙarfin damtse yawa a wannan horo, abin da masu sha'awar kaki ba su cika zato ba.