Wayar da ba za ta ɓatar da kai ba: abin dubawa kafin ka biya kuɗi

A Nima ko Sabon Zango ko Aboabo ta Kumasi, mun saba da kwatance irin namu: bayan masallaci, daura da mai waakye, gida mai shuɗiyar ƙofa. Amma tun watan Oktoba na 2017, da aka ƙaddamar da GhanaPost GPS, wanda ya raba ƙasar zuwa ƙananan murabba'ai masu mita 5 tsawo da mita 5 faɗi, adireshin zamani ya shigo rayuwarmu. Ana tambayarsa a banki, ana tambayarsa wurin rajistar Ghana Card. Ga kuma samarinmu masu tuƙa Bolt da Yango da masu kai saƙo a babur, waɗanda abincinsu yake cikin taswirar waya. In taswira ta yi ƙarya, fasinja ya soke tafiya, mai ya ƙone a banza.

Tambayar da 'yan'uwa suka fi yi mini ita ce: wace waya ce mai araha da take da GPS? Amsata a kullum, kusan duk wayar Android ta yanzu tana da shi, har da masu sauƙin kuɗi irin su Itel da Tecno da Infinix. Ƙananan wayoyin maɓalli ne galibi ba su da shi. Bambancin yana wajen inganci.

Waya tana sauraren taurarin ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama, kuma sai ta ji aƙalla 4 kafin ta san inda kake. GPS na Amurka ne, Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin kuma BeiDou. Wayar da ke jin biyu ko uku daga cikinsu ta fi saurin gano ka a lungunan Zango, inda gine-gine da rufin kwano suke tare sama. Wannan sauraro kyauta ne, ba ya cin data ko kaɗan. Hoton taswira ne ke cin data, shi kuma kana iya sauke na garinku a Google Maps sau ɗaya, ka riƙa amfani da shi ko babu intanet.

Inda masu ƙera waya suke rage kuɗi shi ne kamfas. Wayoyi masu araha da yawa ba su da shi. GPS yana faɗa maka inda kake, kamfas kuma inda ka fuskanta. In babu shi, kibiyar taswira ba ta juyawa sai ka fara tafiya, manhajar alƙibla kuma ba za ta nuna maka komai abin dogaro ba. Daga Accra alƙibla tana gabas maso arewa, wajen digiri 64 daga arewa. Matafiyin da ya sauka a garin da babu masallaci kusa ya san amfanin wannan. Haka alhaji a Mina, inda tantuna suke kama da juna: ya ajiye alamar tantinsa a taswira, kibiya ta dawo da shi.

Don haka in ka je Tip Toe Lane a Circle, ko PZ a Adum, kada ka tsaya ga maganar mai kanti cewa "tana da komai". Ka roƙe shi ku fita waje, ka kunna wurin da kake, ka buɗe taswira. Ka ga ko shuɗin ɗigon ya zauna daidai ko yana tsalle daga titi zuwa titi. Sannan ka juya jikinka a tsaye, in hasken ɗigon ya juya tare da kai, akwai kamfas. Manhajar GPSTest kyauta ce, tana nuna yawan taurarin da wayar ke ji. In wayar ta hannu ce, danna *#06# ka gwada lambar IMEI da wadda ke jikin kwali, kuma ka karɓi rasit.

Ga mai sana'ar tuƙi, shawarata kada ya sauka ƙasa da RAM mai 4GB da batir mai 5000mAh. Taswira da manhajar aiki da WhatsApp a lokaci guda suna shaƙe waya mai 2GB, ga zafin rana a gaban gilashi. Wanda buƙatarsa adireshin gida da alƙibla ne kawai, ƙaramar ma ta ishe shi, muddin tana da kamfas.

In kuɗi bai kai ba, a rage a kyamara, ba a RAM ba. Hoto mai kyau ba ya kai fasinja Madina. Gwajin nan bai wuce minti biyar ba, kuma mai kantin da ya ƙi a yi shi, to ka gode masa ka ƙara gaba.