TETFund da Horar da Masu Binciken Kimiyya a Najeriya

Babbar kafar da gwamnatin Najeriya ke bi wajen ɗaukar nauyin ƙaro karatun malaman manyan makarantu ita ce asusun TETFund, wanda ya samo asali daga dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ita kuma ta biyo bayan yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ƙulla da gwamnati a 1992. Dokar ta wajabta wa kamfanonin da ke da rajista a ƙasar su biya kashi 2 cikin ɗari na ribarsu, aka ɗaga shi zuwa kashi 3 a 2023, kuma tun 2011 aka keɓe kuɗin ga jami'o'i da kwalejojin fasaha da na horar da malamai mallakar gwamnati, inda jami'o'i ke samun rabi.

Tallafin da malamai ke samu yana zuwa ta manyan fuskoki biyu. Akwai na horo, wanda makaranta ke tsayar da malaminta domin ya yi digiri na biyu ko na uku, bayan ya sa hannu a kan alkawarin dawowa ya yi wa makarantar aiki na wasu shekaru. Akwai kuma na bincike, wanda ake samu ta hanyar gasa, wato mai nema ya rubuta abin da zai bincika, da yadda zai yi, da abin da aikin zai ci, sannan masana fannin su tantance.

A ƙarshen 2024 asusun ya sanar da dakatar da tura malamai ƙasashen waje daga farkon 2025, bisa dalilin faɗuwar darajar naira da kuma yadda wasu ke ƙin dawowa bayan sun kammala. Hujjar tana da ƙarfi, domin kuɗin da mutum guda zai ci a Ingila zai iya horar da mutane da yawa a Zariya ko Ibadan, sai dai kimiyya ba irin karatun da littafi kaɗai ke wadatarwa ba ce. Ɗalibin da ke nazarin ƙwayoyin cuta yana bukatar firjin da zai riƙe samfurin jini a daskare dare da rana, kuma idan wuta ta ɗauke janareta bai tashi ba, aikin watanni yakan lalace kafin gari ya waye. Haka na'ura mai tsada takan zauna lulluɓe da leda saboda rashin ƙwararren da zai gyara ta ko sinadaran da take aiki da su.

Wannan ne ya sa ya kamata kuɗin da aka rage daga karatun waje ya tafi kai tsaye ga wutar lantarki ta ɗakunan gwaje-gwaje, da sayen sinadarai a kan kari, da horar da ma'aikatan da ke kula da na'urori, waɗanda sau da yawa ba a tunawa da su idan ana rabon guraben horo.