Kwamfuta mai aike da kwamfuta mai hidima

Akwai kwamfutoci iri biyu masu aiki tare. Ɗaya tana aike, ɗaya tana hidima. Mai aike ita ce wadda ke gaban mutum, bisa tebur ko cikin hannu, kamar salula. Mai hidima kuwa tana can nesa, cikin ɗaki mai sanyi. Dare da rana ba a kashe ta. Sau da yawa ba kowa gabanta.

To, wa ke ba ta umurni? Ma'aikacin da ke kula da ita yana iya zama wani gari, ko ma wata ƙasa. Sai ya rubuta umurni cikin tasa kwamfutar. Umurnin ya bi waya, ya isa. Mai hidima ta aikata, ta maido amsa.

Tun 1969 aka soma yin haka da wata dabara mai suna Telnet. Amma Telnet tana da babban aibi. Duk abin da aka rubuta a fili yake tafiya, kamar wasiƙar da ba a rufe ba. Wanda ya laɓe bisa hanya yana iya karanta kome, har da kalmar sirri.

Haka kuwa aka yi a 1995, a wata jami'a kusa da Helsinki, babban birnin ƙasar Finlan. Wani ɓarawo ya laɓe cikin wayoyin jami'ar, ya kwashe kalmomin sirri masu yawa. Abin ya dami wani mai bincike, Tatu Ylönen. A shekarar nan ya ƙago sabuwar dabara, SSH, ya raba ta kyauta. Ita tana hargitsa saƙo kafin ya tashi. Ɓarawo ko ya kama shi, shirme kawai zai gani.

SSH tana aiki da abu biyu, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Ana ajiye kwaɗon wajen mai hidima. Mabuɗin yana zama wajen mai shi, ba ya bin waya ko sau ɗaya. Duk wanda ya zo da umurni, sai mai hidima ta gwada shi. In ba shi da mabuɗin, ba ta saurarensa.

Saura wata matsala. Kamfani ɗaya yana iya mallakar masu hidima da yawa, mai binsu ɗaya ɗaya kuwa yana mantuwa. A watan Agusta na 2012, a Amurka, ma'aikacin wani kamfanin hada-hadar kuɗi, Knight Capital, ya sa sabon tsari cikin masu hidima bakwai, ya manta ta takwas. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 440.

Irin wannan mantuwa ce ake magancewa da kayan aiki kamar Ansible, wanda Michael DeHaan ya fitar a 2012. Ma'aikaci yana rubuta jerin aiki sau ɗaya. Ansible ya bi ta SSH, ya kai jerin ga kowace mai hidima, ya kuma faɗi wadda ta aikata da wadda ta kasa.

Sai dai kwamfuta ba ta da hankalin ɗan aike. In umurnin da kuskure, duka za su aikata shi lokaci guda. Shi ya sa ma'aikaci mai lura yakan gwada bisa guda ɗaya tukuna, ya duba, sannan ya saki sauran.