Dogon Wuya: Raƙumin Dawan Ƙarfe da Hikimar Maƙeransa

Daga cikin sana'o'in da zamani ya zo da su akwai ta mutanen da kan zauna shekara da shekaru suna ƙago dabbobin da babu irinsu a bayan ƙasa, su zana musu sura, su tsara musu tafiya da kuka da ɗabi'a, sa'an nan su rubuta musu tarihin asali, duka domin a zuba su cikin wasannin bidiyo. Mai yiwuwa wani dattijo ya ce wannan lagawu ne, aikin yara. Amma wanda ya duba da idon basira zai tarar da ilmin handasa a ciki, da sanin halayen dabbobi, da fasahar ƙissa. Sha'awar ma ba sabuwa ba ce, gama tun a shekarar 1206 malami Al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyar Bakr hidima, ya kammala littafinsa na dabarun injuna, inda ya siffanta agogon ruwa mai surar giwa da mahayinta.

Dabbar da nake so mu tsaya a kanta ita ce wadda ake kira Tallneck, watau Dogon Wuya, a cikin wasan Horizon Zero Dawn, wanda kamfanin Guerrilla Games na birnin Amsterdam a ƙasar Holan ya fitar a 2017 domin na'urar PlayStation 4. Wanda ya taɓa ganin raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, zai shaida ta nan take: ga dogayen ƙafafu huɗu, ga wuya ya tashi sama ya zarce itatuwa. Sai dai jikinta farantan ƙarfe ne farare da aka jera bisa baƙaƙen jijiyoyin waya, kuma inda ake sa ran ganin fuska babu ido, babu baki, sai wani faffaɗan abu mai da'ira kamar faifai. A bayan wuyan an kakkafa eriyoyi, ɗaya bisa ɗaya. Ba ta gudu, ba ta kai hari, makami ba ya cin ta; tana dai kewaya hanya ɗaya dare da rana cikin natsuwa, ƙasa na girgiza da takunta, wanda ya shiga ƙarƙashin sawunta kuwa shi ya jawo wa kansa.

Abin ta'ajibi shi ne, a tarihin yin wannan wasa sura ce ta riga dalili. Ma'aikatan kamfanin, waɗanda a da aka san su da wasannin harbi na Killzone, sun fara ne da tunani guda wanda shugaban masu zanensu, Jan-Bart van Beek, ya gabatar: budurwa mai baka da kibiya tana farautar manyan dabbobin ƙarfe a duniyar da daji ya cinye biranenta. Daga baya aka ɗauko marubuci John Gonzalez aka ɗora masa nauyin amsa mas'alar da duk mai hankali zai tayar, watau wa ya ƙera waɗannan abubuwa, kuma don me?

Ga jawabin da ƙissar ta bayar. A wajen shekarar 2064 wani attajiri, Ted Faro, ya yi injunan yaƙi masu ƙera irinsu da kansu, masu cin duk wani abu mai rai a madadin mai; sai suka kuɓuce wa iyayen gijinsu, ya zamana babu mai iya tsayar da su har sai sun lashe doron ƙasa. Da wata masaniya, Elisabet Sobeck, ta tabbata cewa ceto ya gagara, sai ta juya ga tanadin abin da zai biyo bayan halaka: ta jagoranci gina wata ƙwaƙwalwar na'ura mai suna GAIA, wadda za ta kashe injunan yaƙin, ta tsarkake ruwa da iska, ta dawo da tsiro da dabba da ɗan Adam daga irin da aka adana. Dabbobin ƙarfen nan su ne ma'aikatanta, ana ƙera su a masana'antu cikin duwatsu. Mai kama da barewa tana yankan ciyawa ta mayar da ita mai. Mai kama da kada yana tace ruwa. Dogon Wuya kuwa aikinsa sadarwa, shi ke tattara labarin yankinsa yana isar da saƙo tsakanin sauran. Da ka san haka, sai kowace gaɓa tasa ta sami hujja, domin mai aikin isar da saƙo tsawo yake bukata, ba haƙora ba.

A nan ne, a ganina, gwanintar take. Kafin wannan wasa an riga an gaji da wata al'ada da wasanni irin su Assassin's Creed da Far Cry suka yaɗa, ta hawa hasumiya domin taswirar yanki ta buɗe, har ta zama farilla marar daɗi da ake maimaitawa ba adadi. Mutanen Guerrilla ba su jefar da al'adar ba, sai suka ba hasumiyar ƙafafu, suka kuma taƙaita ta zuwa biyar kacal a ainihin wasan. Saboda haka Aloy, yarinyar da ake wasan da ita, ba ta isowa ta kama hawa kawai. Dole ta tsaya ta karanci kewayen dabbar, ta lallaɓa ta wuce injunan da ke kiwo a wurin, ta nemi tudu ko kangon bene, ta jira har ta zo daidai, kana ta yi tsalle ta cafke. A kufan da ƙabilar Nora ke kira Devil's Thirst, wanda shi ne birnin Colorado Springs na Amurka bayan kimanin shekara dubu, mutum kan tsaya a bakin rusasshen bene yana jin takun na matsowa, zuciyarsa na bugawa; in ya dira, sai ya bi eriyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, jikin na rangaji da shi, har ya kai bisa kan, ya soka mashinsa a tsakiya, taswirar ta bayyana. Eriyar da marubuci ya ce ta sadarwa ce, ita ce matakalar da mai tsara wasa ke bukata, ita ce kuma adon da mai zane ya so, alhali babu wanda ya tauye haƙƙin ɗan'uwansa.

Na san akasarin 'yan wasa sun fi ambaton Thunderjaw, ƙaton mai surar dabbar dauri da ke ɗauke da bindigogi, kuma ba na musun kyawun ƙirarsa. Amma shi ɗan fitina ne: ƙissar ta ce bayan GAIA ta tarwatsa kanta, sashenta mai kula da ƙira, HEPHAESTUS, ya ɓalle ya shiga yin injunan kisa domin huce haushin farautar da mutane ke yi wa dabbobinsa. Dogon Wuya kuwa bai canja hali ba, shi ne shaidar da ta rage ta yadda aka nufi duniyar ta kasance tun farko, mai girma ba mai cutarwa ba, kuma lalle ƙago abin da zai cika ido ba tare da ya tsorata ba ya fi ƙago dodo wuya nesa ba kusa ba.

A wasa na biyu, Horizon Forbidden West na 2022, mutanen Guerrilla sun ƙi maimaita kansu: wani Dogon Wuyan an same shi ya nutse a teku sai an gyara shi, wani sai ta sama ake iya dira a kansa, wani kuma ana tarar da shi cikin masana'anta ba a gama haɗa shi ba, sai Aloy ta sa an ɗora masa kai kafin ya taka ya fito sarari.