Gargaɗi ga mutanen Kurfai: a daina ɗura wa wanda aka yi wa aikin rage tumbi abinci

Jama'ar Filinge, Bonkuku, Tukunus, Abala da sauran garuruwan Dallol Boso, a saurara. Idan a gidanku akwai wanda ya dawo daga Tunis, Istanbul ko Indiya bayan an yi masa aikin rage tumbi saboda ƙiba, ku sani ransa yana hannun masu dafa masa abinci. A irin aikin da aka fi yi yanzu, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar, kuma ba ya tsirowa. Abin da ya saura, a makonnin farko, bai wuce ya ɗauki ƙananan kofunan shayi biyu ba.

Mu kuwa a wajenmu ƙauna ita ce a cika kwano. Inna za ta dama fura da nono ta zuba sukari, ta zauna a gefen tabarma tana cewa, "Haba ɗiyata, ƙara ko ludayi ɗaya, dubi yadda wuyanki ya fito." Inna, don Allah a bari. Wannan ramar ita aka je nema, ba sammu ba ce, ba kambun baka ba. Ludayin da kike roƙonta ta ƙara yana iya ja wa ɗinkin da bai warke ba lahani. Kada kuma a sayo mata ƙwayoyin sa cin abinci ko na sa ƙiba daga masu talla.

Makonni biyun farko abu mai ruwa-ruwa kawai ake sha: romo tatacce, madara, nonon da aka tafasa madararsa. Sai makonni biyu na abin da aka niƙa lilis, sannan mai laushi. Tuwon hatsi, gasasshen nama da kilishi su jira sai likita ya ba da izini. In an fara cin abinci sosai, a fara da mai gina jiki, wato ƙwai, kifi, kaza, wake da cuku, domin jiki yana bukatar aƙalla giram 60 na furotin kullum, in ba haka ba tsoka ce za ta zube. A tauna da kyau, a ajiye cokali da zarar an ji ƙoshi. Ba a haɗa ci da sha. A bar minti 30 tsakaninsu.

Sukari shi ne babban abokin gaba. Shayin majalisa zagaye uku, lemun kwalba da fura mai zaƙi suna wucewa ba tare da sun cika ciki ba, su dawo da ƙibar a hankali, wani kuma su jefa shi cikin zufa, jiri, bugun zuciya da gudawa. Ruwa kuwa dole ne, lita ɗaya da rabi ko fiye a yini, kurɓi-kurɓi, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Azumi a shekarar farko sai da shawarar likita, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne amai. Jiki ba ya ajiye bitamin B1 fiye da na makonni biyu zuwa uku. Wanda ya yi kwanaki yana amai, ya fara tangaɗi, yana ganin abu biyu-biyu, ƙafafunsa suna mutuwa ko maganarsa ta rikice, ba iska ce ta taɓa shi ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ke lalacewa saboda rashin B1, kuma jinkiri yana sa ta ƙi gyaruwa. A kai shi asibitin Filinge nan take, a faɗa wa ma'aikatan irin aikin da aka yi masa, domin a ba shi B1 kafin a sa masa ƙarin ruwa mai sukari. Haka zazzaɓi, zuciya mai gudu, ciwon kafaɗar hagu, numfashi sama-sama ko baƙin kashi: waɗannan ba sa kwana. In aka tura ku Yamai, daga Filinge kusan kilomita 180 ce, hanyar ma ba kullum take da aminci ba, saboda haka a tashi tun da rana.

Ibuprofen, diclofenac da aspirin suna haddasa gyambo a ƙaramin tumbi, taba ma haka. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya koma a sake auna masa magani, don wanda yake sha a da yana iya yi masa yawa yanzu. Mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18.

Kwanciya ba jinya ba ce. A fara tattaki tun ranakun farko, bayan asuba ko da la'asar sakaliya, a ƙara a hankali har a kai minti 150 a mako. Jan guga a rijiya, daka da ɗaukar buhu sai bayan mako shida.

Bitamin, maganin ƙarin jini, B12 da kalshiyam ana shan su ne har abada, ko da mutum yana jin garau. A yi awon jini a wata na 3, na 6 da na 12, sannan duk shekara. Takardun aikin kuma a sa su a leda, a tafi da su duk asibitin da za a je.